Sabon Ibadan: Yadda Masauki Da Tukunya Suka Kafa Unguwa

Duk shekara, da zarar an gama girbi a Arewa, tambayoyi iri ɗaya ne suke yi mana sallama. Wani zai kawo mahaifinsa asibitin UCH yana neman inda zai sauka, wani zai rako ɗansa jami'a yana son ya ɗan zaga gari, wani kuwa cewa yake a nema masa ɗaki domin zai tattaro iyali ya dawo Badun gaba ɗaya, ya ji an ce a nan kuɗi suke. Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin tarihin unguwar Sabo, shi ya sa muka ga ya dace mu faro daga can.

Ita kanta Ibadan sansanin yaƙi ce da aka kafa wajen 1829, lokacin da daular Oyo take wargajewa. Tun a wancan ƙarni akwai Hausawa a cikinta. Akwai fatake da malamai, akwai wanzamai da masu tufkar igiya da masu kula da dabbobi, kuma wasunsu a matsayin bayi aka kawo su. Ba su da unguwa tasu. A gidajen Yarbawa suke raɓe, musamman a kewayen tsohuwar kasuwar Oja'ba.

Jirgin ƙasa ne ya sauya komai. Layin dogo daga Ikko ya iso Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Kafin a gama gadar Jebba, a jirgin fito ake tsallakar da taragwai a kogin Kwara, amma duk da haka tafiyar da ayari yake yi wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki. A daidai lokacin ne kuma manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi shuka irin goron da kakanninmu suke zuwa saye har Gwanja. Har yau gbanja suke kiransa, sunan yana nuna inda ya fito. Sai hanya ta zama biyu: shanu su gangaro, goro ya hau. Baƙi suka yi yawa a gari, ƙorafi ya yi yawa, har ana ɗora wa baƙin Hausawa sace-sacen da ake yi. A 1916 hukuma ta ware fili a gefen Mokola, wanda a lokacin bayan gari ne, aka ce Hausawa su koma can a ƙarƙashin sarkinsu, shi zai san wanda ya shigo da wanda ya fita. Asalin Sabo ke nan. Ba karramawa aka nufa da ita ba, amma mutanenmu suka mayar da ita jari.

Abin da ya riƙe unguwar shi ne maigida, wanda wasu suke kira fatoma. A nan za mu ɗan daɗe, domin wanda bai gane aikinsa ba ba zai gane Sabo ba.

A ce mutum ya taso da shanu daga Kano ko Sakkwato, a ƙasa ko a jirgi. Da ya shigo kurmi, lokaci ya fara ƙure masa, domin ƙudan tsando yana sa wa shanun Arewa sammore, kullum suna ramewa. Ba zai iya komawa da su ba, ba zai iya jira ba. Mahautan gari kuwa Yarbawa ne, bai san su ba, ba ya jin yarensu, kuma ba su da kuɗin da za su biya nan take. Sai sun yanka sun sayar sannan su kawo. To wa zai ba baƙon da bai taɓa gani ba sa a kan bashi, babu takarda, babu banki? Nan maigida yake shigowa. Shi zai saukar da mai shanu a ɗaya daga cikin gidajensa, ya ciyar da shi safe da rana da dare ba tare da ya karɓi ko kwabo na kwana ko na abinci ba. Dillalansa su shiga kara, su ne suka san mahaucin da yake biya da wanda yake da taurin bashi. In an yi ciniki maigida ne mai lamuni, in mahauci ya gudu shi zai biya daga aljihunsa. Kuɗin da aka tara a wurinsa ake ajiyewa har ranar tafiya. Ribarsa tana cikin la'ada, jarinsa kuma sunansa ne, domin ranar da labari ya isa Arewa cewa wane ya ci amanar baƙonsa, daga ranar gidansa ya mutu.

Haka abin yake a goro, sai dai a juye. Goro ba ya son zafi, ba ya son a bar shi babu dubawa, ga sankara tana jiransa. Dole a saya a ƙauyuka, a tsince, a ɗaure huhu da ganyen fita, a loda ba ɓata lokaci. Attajirin da yake zaune a Kano yakan aiko da kuɗinsa wurin maigidansa na Sabo, ya jira kaya, wani lokaci shekara ta zagayo ba su ga juna ba.

Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969. A ƙidayarsa mutanen unguwar sun ɗan haura dubu huɗu ne kawai, amma shanun da ake sayarwa a kasuwar Ibadan a shekara sun kai kimanin 75,000, kuma kusan duka ta hannun waɗannan masu gidaje suke bi. Mu da muka taso muka tarar da ragowarsu ba mu buƙatar littafi ya gaya mana, amma yana da daɗi a ce an rubuta.

Daga wannan tsari ne abincin Sabo ya samo asali. Maigidan da yake da baƙi ashirin yana buƙatar tukunyar da ba ta sauka, matan gidansa ne suke wannan aiki. Ga kuma ɗimbin gwagware, 'yan dako da masu kora shanu da almajirai, waɗanda ba su da mai dafa musu. Sai matan da suke cikin kulle suka mayar da girki sana'a, suna dafawa a cikin gida, yara suna fita da shi talla. Mata da yawa sun tara dukiya ta wannan hanya ba tare da sun taka bakin ƙofa ba. Nama kuwa ga shi a kusa, tunda a hannunmu shanun suke. Shi ya sa tsiren Sabo ya yi suna har ya zama in magariba ta yi za ka ga motocin manyan gari, Yarbawa da Inyamurai da malaman jami'a, sun yi layi a bakin tukuba.

Saboda haka baƙon da ya iso da dare, shawararmu ya fara da abin da cikinsa ya sani. Akwai tsire da balangu da kilishi, akwai tuwon shinkafa da miyar kuka, da safe ga waina da koko da ƙosai, ga teburin mai shayi da ba ya tashi sai dare ya raba. Amma wanda ya zo Ibadan ya koma bai ci amala ba, a ganinmu ya yi asarar kuɗin mota. Da garin alabo na busasshiyar doya ake tuƙa ta, a zuba mata ewedu, wato ayoyonmu, da gbegiri, wato miyar wake, a ɗora jar miya a kai. Wannan haɗin shi suke kira abula. A buka ake cinta da zafinta, ba a otal ba, kuma inda ka ga layin ma'aikata da rana, nan ne wurin. Mutanen Ibadan da yawa Musulmi ne, naman shanu da na akuya da ganda ba abin damuwa ba ne, sai dai a riƙa tambaya in an ga naman daji a tukunya. Wanda yaji yake damunsa ya faɗa tun kafin a zuba. Wani abin sha'awa, su ma suna tuƙa na masara, kuma tuwo suke ce masa.

Zaga gari ba ya cin fiye da kwana biyu. A hau hasumiyar Bower da aka gina a 1936 a kan tudun Oke Are, daga can ake ganin jajayen rufin kwanon tsohon gari har iyakar gani. A gangaro Mapo Hall na 1929, kusa da Oja'ba inda kakanninmu suka fara zama. A Dugbe akwai Cocoa House mai hawa 26 da aka gama a 1965 da kuɗin koko, kuma tsohuwar tashar jirgin da ta kawo rabin mutanen Sabo tana nan kusa. Masu yara su kai su gidan namun daji na Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, ko lambun Agodi. Ƙananan motocin Micra su ne tasin gari, a yi ciniki kafin a shiga. Mai son leƙa Ikko ya tafi Moniya ya hau sabon jirgin da aka buɗe a 2021, ya fi bin babbar hanya kwanciyar hankali, kuma karar shanu ta Akinyele tana wannan ɓangaren.

Sai maganar masu son dawowa da zama, wadda ita ce ta fi damunmu.

Sabon da muka bayyana a sama ba ita ce ta yau ba. Tun farkon shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta shigo, ikon da Turawa suka bar wa Sarkin Hausawa ya fara raguwa. Daga baya tirela ta karɓe aikin jirgi, kasuwar shanu ta bar tsakiyar gari, kayan gwari suka koma Bodija da Sasa, jama'armu suka bazu Ojoo da Moniya da sauran wurare. Banki da wayar hannu suka rage buƙatar mai ajiyar kuɗi. Sabo ta koma cibiyar 'yan canji da masu nama da 'yan tireda. Har yanzu akwai masu gidaje na kirki, amma gidan da baƙo zai kwana wata guda yana ci kyauta ya yi ƙaranci, domin la'adar da take ɗaukar nauyin wannan ta ragu. Unguwar ta cika maƙil, filin 1916 bai ƙaru ba. Ɗaki a waje kuwa kuɗin shekara ake biya a dunƙule, ga na ejan, ga na yarjejeniya, kuma akwai masu gidan da in sun ji daga inda ka fito sai su ce an riga an kama.

A da, mutum ba ya zuwa Sabo haka kawai. Yakan zo ne a matsayin yaron wani, ya yi shekaru yana dako ko bin dillali, a gwada amanarsa, a ba shi jari, a yi masa aure, sannan ya zama ɗan unguwa. Yanzu matasa suna sauka daga bayan tirela da tsakar dare, babu sunan kowa a bakinsu. Da yawa acaɓa suke nufi, musamman tun da gwamnatin Legas ta tsananta hana shi a 2020 da 2022. Irin waɗannan su ne muke tararwa a ofishin 'yan sanda babu mai belinsu, ko a asibiti babu wanda ya san garinsu. Wanda yake da maigida, ko da sunan kawai, akwai wanda za a kira.

Ba za mu ɓoye maganar tsaro ba. A watan Fabrairun 2021 wata 'yar hatsaniya a kasuwar Sasa ta rikiɗe ta zama rikicin ƙabilanci, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje na ɓangarorin biyu, har gwamnoni huɗu daga Arewa suka zo Ibadan suka gana da Gwamna Seyi Makinde. Mutanen da suka shekara talatin a wurin sun wayi gari ba su da komai. Amma a cikin wannan rikicin akwai Yarbawan da suka ɓoye maƙwabtansu Hausawa, akwai Hausawan da suka kare na Yarbawa, kuma waɗanda aka ɓoye ɗin su ne waɗanda aka sani, masu jin yare, masu zuwa suna da jana'iza. Mutanen Ibadan suna son gaisuwa da girmama babba kamar yadda muke so. Wanda ya iya e kaaro da e se kawai ma, ciniki yakan zo masa da sauƙi.

Don haka abin da muke gaya wa duk mai wannan niyya shi ne ya fara zuwa shi kaɗai, ya yi rani ɗaya. Ya zo da sana'a a hannu ko jarin da zai iya jure asararsa, kuma kada ya sayar da gonar gado domin kuɗin haya. Kafin ya taso ya samu sunan mutum ɗaya da zai sauka a hannunsa, ɗan garinsu ko abokin sana'arsa, in ya iso a kai shi ya gaida sarkin unguwar da zai zauna, a rubuta sunansa da na garinsu. Iyali su biyo baya in ya ga damina ta wuce yana iya biyan haya da kuɗin makaranta ba tare da ya ci bashi ba.

Akwai kuma abu ɗaya da masu ɗoki ba sa tunawa sai yara sun girma. A Sabo akwai gidajen da kaka da uba da jika duk a nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, wasu ma Hausar tasu ta fara karyewa. Amma ranar da yaro zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati ko shiga soja, za a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma sau da yawa sai an koma Kano ko Katsina ko Sakkwato neman ta, a garin da babu wanda ya san fuskarsa. Wanda zai taho da ƙananan yara ya karɓar musu wannan takarda tun mai unguwa da dagaci suna gane mahaifinsu, ya kuma riƙa kai su gida ko da sallah ɗaya ce a shekara.