Daga Taki Zuwa Taswira: Labarin Awon Ƙasar Gwamnati

Duk wanda ya fito daga Zariya za shi Kaduna, Kawo ne zai fara tarbarsa. Zai ga tashar mota, da asibiti, da makarantu, da barikin soja, da kasuwar da ke ci ran Talata. To, 'yan makaranta, ko kun taɓa tambaya wa ya san inda filin makaranta ya ƙare na maƙwabci ya soma? A ina aka rubuta? Ku ji yadda aka yi ta fama da wannan tambaya fiye da shekara 100.

A zamanin da, ƙasa amana ce a hannun sarki. Baƙo in yana son gona, sai ya tafi wurin dagaci ko mai unguwa, a yanka masa. Iyaka kuwa ita ce kuka, ko tsamiya, ko layin gamba, shaidu kuma dattawan gari. Malamai ba su bar al'amarin haka kara zube ba, gama Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hukuncin mallakar ƙasa. Amma littafin hukunci daban, littafin jerin gonaki daban. Ran da tsamiya ta faɗi, dattijo kuma ya rasu, sai gardama ta tashi.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan wahala ba. A Ingila, cikin 1086, Sarki Wiliyam ya aiki manzanni gari gari su rubuto masa kowace ƙasa, da mai ita, da garmunan da ke nomanta, da abin da take bayarwa. Har yanzu littafin yana nan an adana. Ya gane sarkin da bai san abin da ke hannunsa ba, barorinsa ne za su cinye shi yana kallo.

Da Turawa suka karɓi mulkin Arewa a 1900, sai Gwamna Lugga ya yi dokoki a 1902, ya kasa ƙasar gwamnati kashi biyu: wadda aka gada daga Kamfanin Neja, da wadda ya ce ta zama ta hukuma don an ci sarakunanta da yaƙi. Magajinsa, Gwamna Jiruwa, bai gamsu ba. Aka kafa kwamiti a Landan cikin 1908 don a bincika al'adar mutanen ƙasa, daga nan dokar 1910 ta fito, wadda aka sake tsarawa a 1916. Dokar ta sa kusan ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa, baƙo ba ya samun fili sai da takardar izni. Wannan ya hana Turawa 'yan kasuwa saye gonakin talakawa, amma kuma ya ba Gwamna ikon ɗauke fili duk sa'ad da ya so.

To, riƙon abin da ba a auna ba, ai kamar kiwon shanun da ba a ƙirga ba ne. Saboda haka a ƙasar Kano aka soma awon taki. Malami ya taka tsawon gona da faɗinta, ya ƙirga sawunsa, ya rubuta sunan mai gona, a yanka haraji gwargwadon girmanta. Sai dai takin dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma malamin da aka yi wa kyauta takinsa kan yi tsawo. Don haka daga baya aka koma awo da sarƙa, aka koya wa samari aikin safiyo da zanen taswira.

Kaduna kuwa da taswira aka haife ta. Lugga ya zaɓi wurin saboda kogi da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911. Ƙasar Zazzau ce, da ƙauyukan Gwari a warwatse. A 1917 aka taso da ofisoshin gwamnati daga Zungeru. Ma'auna suka shata unguwar Turawa, da bariki, da filin sukuwa, da wurin 'yan ƙasa, suka kakkafa duwatsun iyaka. A sa'an nan Kawo ƙauye ne can arewa da gari, a kan hanyar Zariya.

Gari ya yi ta cika, har a 1956 aka cire Kaduna daga mulkin Zazzau aka mai da ita yankin babban birni. A 1967 wani Bature masanin tsara birane, Maks Lok, ya fitar da babban littafi na tsarin Kaduna, yana hangen yadda za ta kasance har 2017. Amma mutane suka fi takarda sauri. Kawo da ƙauyukan da ke kewaye suka haɗe da gari, gonaki suka zama gidaje, da yawa ba su shiga littafin kowa ba.

A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi dokar amfani da ƙasa, wadda ta ɗauko yawancin tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya duka, ƙasar kowace jiha ta zama amana a hannun gwamnanta. Duk da haka takardu suna warwatse, waɗansu a ofishin filaye, waɗansu a ofishin safiyo, waɗansu gara ta ci. Fili ɗaya a ba mutum biyu. Filin makaranta a gutsure shi kaɗan kaɗan, har yara su rasa inda za su buga ƙwallo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abuja ta fara tattara takardun filayenta cikin kwamfuta a 2003. A 2015 Jihar Kaduna ta yi dokar kafa hukumar KADGIS don a haɗa littafi da taswira wuri guda. Ana ɗaukar hoton ƙasa daga sama, a zana kowane fili a kansa, a ba shi lamba, a liƙa masa sunan mai shi. A shekarar nan kuma aka rushe gidajen da aka ce sun shiga filin makarantar Alhudahuda a Zariya. Mutane suka yi kuka, gama waɗansu da guminsu suka saya, ba su san filin hukuma ba ne. Da an rubuta tun farko, an kuma bar kowa ya duba, da ba a kai ga haka ba.

Abin lura a nan, littafin filaye garkuwa ce ga kowa, muddin a buɗe yake, mai riƙe da alƙalami kuma yana tsoron Allah. In an ɓoye shi a aljihun tebur, sai ya koma takobin mai ƙarfi. Waɗansunku za su zama ma'auna, waɗansu alƙalai, waɗansu masu unguwa. Ku dage da lissafi da labarin ƙasa. Gobe kuma ku roƙi malaminku ya zaga da ku ya nuna muku duwatsun iyakar makarantarku, ku ƙirga su, ku zana a littafi. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.