Sarki Dadi da Sarkin Gaya Farin Dutse: Darasi a Kan Jagorancin Mayaƙa

Duk wanda ya karanta Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, zai ga cewa ƙasar Gaya, wadda Ajingi ke maƙwabtaka da ita, garkuwa ce ga birni ta fuskar gabas. Shi ya sa Sarkin Gaya ya kasance babban hafsan yaƙi, wanda tilas Sarkin Kano ya san yadda zai zauna da shi.

A zamanin Sarki Dadi, wanda ya yi mulki daga 1670 zuwa 1703, Kwararrafawa suka tunkaro Kano. Sarki ya so ya fita ya tare su a waje, manyan fada suka ƙi yarda. Ƙarshenta abokan gaba suka shigo ta Ƙofar Gadon Ƙaya, suka yi wa mutanen gari ɓarna. A nan aka fara ganin cewa maganar sarki ba ta ratsa hafsoshinsa.

A wannan zamani ne kuma Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kawo haraji ba. Dadi bai kai masa yaƙi ba, sai ya yaudaro shi da sunan ganawa, ya kashe shi. Abin lura shi ne, Farin Dutse surukinsa ne, mahaifin matarsa Maryama.

Shin dabarar ta yi magani? Da ɗan Maryama, Muhammadu Sharefa, ya hau gado a 1703, sai mutanen Gaya suka yi ƙarfi a fada ƙwarai. Zamanin Babba Zaki kuwa, daga 1768 zuwa 1776, Sarkin Gaya na cikin manyan hafsoshin yaƙinsa guda biyar. Ashe Kano ba ta iya tsare gabas sai da Gaya.

Darasin a fili yake. Biyayyar mayaƙi ga shugaba amana ce ta ɓangare biyu. Shugaban da hafsoshinsa ba su amince da shi ba, ba ya iya fitar da su fagen daga, kuma wanda ya kira hafsansa zaman magana ya hallaka shi, ya koya wa sauran su ji tsoron kiransa.

'Yan'uwa marubuta, musamman masu rubutun wasan kwaikwayo, ga labari nan a ƙofar gida yana jiran alƙalami. Allah Ya sa mu dace.