Daga Kwanon Tafasa Zuwa Sirinjin Leda

Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai ya ratsa Kadawa da gonakin Kura da Bunkure, ya zo da alkama da shinkafa da tumatir, ya kuma zo da katantanwar da ke rainon tsargiya, har fitsarin jini ya zama abin da ba a mamakinsa ga yaron da ke wanka a kanal. A wancan zamani sirinji na gilashi ne, malamin asibiti yakan jera shi da allurai cikin kwano ya ɗora bisa risho, in layi ya yi tsawo kuwa, haƙurin jiran tafasa shi ne farkon abin da ke ƙarewa. Misira ce ta fi kowa ɗanɗana illar wannan gaggawa, domin allurar tsargiyar da aka yi ta yi wa talakawan bakin Nilu tun wajen 1950 har zuwa 1980 ita ce babban sababin yaɗuwar ciwon hanta nau'in C a ƙasar.

Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. A 1956 kamfanin Ethicon na Amurka ya soma tsarkake zaren ɗinkin tiyata da haske mai ratsa jiki, daga baya aka koma ga hasken gama na ma'adinin kobalt-60, wanda ke keta kwali da leda ya halaka ƙwayoyin cuta alhali kayan na rufe. Sai dai hasken ba ya bambance ƙwayar cuta da jikin roba: wata robar ya mai da ita rawaya, ta riƙa tsagewa bayan watanni a ajiye, haka nan robar ƙugun da ake dasa wa mutane, wadda aka haska cikin iska, ta riƙa lalacewa a jiki kafin wa'adinta, har masana'antu suka koma haska ta ba iska wajen 1995.

Saboda haka sirinjin da mai kemis ke yagewa a Kura yau, ko da harafin R na haske a ledarsa, ko EO na iskar gas, tsarkinsa na da sharaɗi biyu, wato ledar ba ta huje ba, kwanan watan bai wuce ba. Ni a ganina wanda ya baza shi a tire cikin ranar kasuwa ya fi mai risho ganganci, domin mai risho aƙalla ya san bai gama tafasawa ba.