Barmani Choge: matar da ta fito da ƙwarya daga tsakar gida

1/ Duk sanda aka zo hirar manyan mawaƙan jihar Katsina, sai in ji Shata, Shata. Ba laifi. Amma yau ku ɗan ba ni aron hankalinku, zancen Hajiya Sa'adatu Barmani Choge zan yi.

2/ A ƙasar Funtuwa aka haife ta, cikin shekarun 1940. Mahaifinta malami ne. Ku duba fa, 'yar malam ta rungumi waƙa a wancan zamanin!

3/ Salonta shi ne amada, kiɗan ƙwarya. Ana kife ƙoren ne ana bugawa, babbar kuwa a kife ta cikin ruwa, ita ke ba da amo mai zurfi. Makaɗa mata, 'yan amshi mata. Kafin ita, Uwaliya Mai Amada ta yi suna a Kano.

4/ Asali kiɗan cikin gida ne, na biki da suna. Mu nan Dabawa, haka Dutsin-Ma da Kurfi, na taso na tarar iyayenmu mata na yinsa. Barmani na cikin waɗanda suka kai shi kaset, rediyo da manyan taruka.

5/ Me take faɗi? Kishi, zaman aure, haihuwa, neman na kai. A "A Kama Sana'a Mata" ta zaburar da mata su nemi abin hannunsu. Masu cewa bakinta ba linzami sun yi ta yi, mata kuwa suka riƙe ta.

6/ Tana tuna min Nina Simone ta Amurka (1933–2003), mawaƙiyar jaz mai kaɗa fiyano, wadda ta zo Legas a 1961. Ita ma 'yar gidan addini ce, har suna ta sauya don kada mahaifiyarta ta san tana kiɗa a mashaya. Yau waƙoƙinta a adane suke tsaf.

7/ Barmani ta rasu a watan Maris 2013. Allah ya jiƙanta. To namu fa? Kaset na lalacewa, DJ ya karɓe bukukuwa, tsofaffin da suka iya bugun ƙwarya suna ta tafiya.

8/ Roƙona ɗaya: in kina da kaka ko goggo da ta iya, nemi izininta ki ɗauki muryarta a waya, ki rubuta sunanta da garinsu. Mai tsohon kaset kuma ya juye shi tun bai mutu ba.