Kukis da Neman Yardar Mai Saye a Shagunan Intanet: Nazarin Doka da Yanayin Amfani a Gwarzo da Kabo

1. Ma'anar kukis da asalinsa

Kukis ɗan guntun rubutu ne da shafin intanet yake ajiyewa a cikin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita a waya ko kwamfuta, irin su Chrome da Firefox da Safari. Girmansa bai cika wuce kilobayit 4 ba, kuma yawanci abin da ke cikinsa suna ne da wata doguwar lamba. Duk lokacin da wayar ta sake neman wani abu daga shafin, burauza takan haɗa da wannan lamba ta aika, sai shafin ya gane cewa baƙon ɗazu ne ya dawo.

Buƙatar hakan ta taso ne daga yadda aka gina tsarin HTTP, wanda shafuka ke tafiya a kansa. Tsarin ba ya riƙe tarihin kowa. Kowace buƙata sabuwa ce a wurinsa. Da haka aka bar shi, mai saye zai jefa takalmi a kwandon sayayya, ya matsa shafi na gaba don duba shadda, ya tarar da kwandon wayam. Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, shi ne ya ƙirƙiro kukis a 1994 don magance irin wannan matsala ta ciniki. An fitar da ƙa'idarsa ta farko a hukumance a 1997, aka sabunta ta a 2011. Kwatancinsa mafi kusa shi ne ɗan katin da mai gadin babura ke miƙa wa mutum a bakin kasuwa: katin ba ya ɗauke da suna ko hoto, amma lambar da ke jikinsa ta isa a gane mutum da babur ɗinsa idan ya dawo.

2. Rabe-raben kukis a shagon intanet

Ta fuskar daɗewa, akwai wanda ke gogewa da zarar an rufe burauza, akwai kuma mai zaman watanni ko fiye da shekara. Ta fuskar aiki, kashi na farko shi ne na tilas: mai riƙe kwandon sayayya, da mai tabbatar da cewa mutum ya shiga asusunsa, da mai tsare matakin biyan kuɗi. Na biyu yana tuna zaɓin baƙo, kamar harshe ko garin da za a kai kaya. Na uku na ƙididdiga ne, yana lissafa yawan masu ziyara da inda suka fi daɗewa. Na huɗu shi ne na talla, kuma a kansa rigima take.

Kukis na talla sau da yawa ba na mai shagon ba ne. Shagon yakan dasa 'yar manhajar wani kamfani a cikin shafinsa, kamar Meta Pixel ko kayan tallan Google, shi kuma kamfanin ya ajiye tasa lambar a wayar baƙo. Da yake wannan manhaja tana zaune a cikin ɗimbin shafuka, kamfanin yana iya haɗa sawun mutum daga shagon kaya zuwa shafin labarai zuwa shafin neman magani. Shi ya sa wanda ya duba farashin batirin sola da safe yake cin karo da tallan sola a Facebook da yamma. A kasuwar gargajiya ma mai kanti yakan san abokin cinikinsa, ya san launin atamfar da iyalinsa ke so, ya rubuta bashinsa a littafi. Bambancin shi ne wannan sani a fili yake, kuma a kantin yake tsayawa. Kukis na talla ya fi kama da yaron da aka sa ya bi mutum rumfa-rumfa yana rubuta duk abin da ya taya, sannan ya kai wa dillalin da mutumin bai taɓa gani ba.

Firefox ta fara toshe irin waɗannan kukis kai tsaye a 2019, Safari ta toshe su gaba ɗaya a 2020. Google ya sanar a 2020 cewa zai cire su daga Chrome, amma ya janye wannan shiri a watan Yulin 2024. Wannan janyewa ta shafi yankin da ake nazari kai tsaye, domin wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a na Android ne, irin su Tecno da Infinix da itel, kuma da Chrome a ciki ake sayensu.

3. Abin da doka ta tanada

Allon neman yarda da ke tare wa baƙo fuska ya samo asali ne daga Tarayyar Turai. Dokar sirrin sadarwa ta 2002, bayan gyaran 2009, ta wajabta neman izini kafin a ajiye kukis da ba na tilas ba. Dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018 ta tsaurara ma'anar izinin. A watan Oktoban 2019 kotun Tarayyar ta yanke hukunci a shari'ar Planet49 cewa akwatin da aka riga aka yi wa alamar amincewa ba izini ba ne. Hukumar CNIL ta Faransa ta ci Amazon tarar Yuro miliyan 35 a Disambar 2020 kan ajiye kukis na talla ba tare da izini ba, sannan a Janairun 2022 ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, saboda ƙin amincewa ya fi amincewa wahala a shafukansu.

A Najeriya tushen batun shi ne sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da saƙonninsu. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar NDPR a Janairun 2019. Ranar 12 ga Yuni, 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai, wato NDPC, ƙarƙashin jagorancin Dakta Vincent Olatunji.

Sashe na 26 na dokar shi ne ginshiƙin wannan nazari. Ya ɗora wa mai karɓar bayanai nauyin tabbatar da cewa an ba shi izini. Ya ce shiru ko rashin motsi ba yarda ba ce, don haka karin maganar nan ta "shiru ma magana ce" ba ta da gurbi a nan. Ya hana dogaro da zaɓin da aka riga aka cike wa mutum, ya kuma buƙaci a nemi izinin da harshe mai sauƙi. Sashe na 27 ya ƙara da cewa bayanin da za a ba mutane ya zama mai fahimtuwa, tare da la'akari da irin mutanen da aka nufa da shi. Sashe na 31 ya buƙaci izinin iyaye ko waliyyi idan yaro ne, sashe na 35 kuma ya ce janye izini ya kasance da sauƙi kamar bayar da shi. Tarar manyan masu sarrafa bayanai takan kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta sauran kuma Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100.

A watan Maris na 2025 hukumar NDPC ta fitar da umarnin aiwatarwa mai suna GAID, wanda ya fara aiki a watan Satumba na shekarar. Ya ambaci kukis da sunansa: na tilas ba sai an nemi izini ba, sauran kuwa sai baƙo ya zaɓi karɓa ko ƙi, kuma dole sanarwar ta bayyana ƙarara a shafin farko. Tun kafin nan, a Agustan 2024, hukumar ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, ta kuma ambaci yadda aka yi amfani da kukis cikin dalilanta. Bankin ya musanta saɓa doka.

4. Yanayin amfani a Gwarzo da Kabo

Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suna yammacin birnin Kano, a kan hanyar da ta bi ta sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado ta nufi Dayi a Jihar Katsina. Noma da kiwo da kasuwanci su ne manyan sana'o'i a garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Garo da Durun. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tura mutane da yawa, har da waɗanda ba su taɓa sha'awar haka ba, ga tiransifa da masu POS da manhajoji irin su OPay da Moniepoint. Wanda ya saba biyan kuɗi ta waya kuwa bai yi nisa da yin oda ta waya ba, ko daga Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, ko daga shafin tallan kaya na Jiji, ko daga 'yan kasuwar Kantin Kwari da Farm Centre masu baje haja a intanet.

Dokar da aka bayyana a sama ta ginu ne a kan hoton mutum ɗaya, mai waya ɗaya, mai karanta harshen da aka rubuta sanarwar da shi, wanda kuma shi da kansa yake latsawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zato yana rauni a wannan yanki.

Na farko shi ne harshe. Galibin allunan neman yarda da Turanci suke, kuma Turancin lauyoyi. Mutumin da ya yi zurfi a karatun allo da na littattafan fiƙihu, yana karanta ajami da boko na Hausa, ba jahili ba ne, amma sanarwar ba da shi take magana ba. Ko ɗan sakandare da ya ji Turanci, abin da kalmar kukis ke nufi a ƙamus ɗinsa wani nau'in biskit ne. Idan aka bi lafazin sashe na 27, shagon da ke kai kaya Gwarzo, yake kuma tura talla ga wayoyin Gwarzo, ya riga ya sa mutanen Gwarzo cikin waɗanda ya nufa. Hujjar barin sanarwarsa da Turanci kaɗai ba ta da ƙarfi.

Na biyu shi ne tarayya a waya. A gidaje da dama babbar waya guda ce ke zagayawa tsakanin maigida da uwargida da samari. Kukis kuwa burauza yake ganewa, bai san hannun da ke riƙe da wayar ba. Idan yaro ɗan shekara 14 ya latsa amincewa don allon ya kauce masa, ya amince ne a madadin gidan duka, kuma izinin nasa kansa bai cika sharaɗin sashe na 31 ba. Illar ba ta tsaya ga doka ba. Matar da ta nemi maganin wata lalurar mata a wani shago, ko magidancin da ya duba kayan lefe kafin ya sanar da iyalinsa, suna iya ganin sirrinsu ya fito a matsayin talla a gaban wanda ya karɓi wayar bayansu. A al'ummar da ta ɗauki kunya da rufin asiri da muhimmanci, wannan cutarwa ce ta gaske, ko da ba a saci ko kwabo ba.

Na uku shi ne wakilci. Sau da yawa mai shagon waya ne ke buɗe wa mai saye adireshin Gmail ranar da ya sayi wayar, shi ne kuma ke latsa duk wata amincewa. Haka ma wanda bai saba ba yakan je kafe ko ya sami wani matashi ya yi masa oda. A kwamfutar kafe, kukis ɗin da ke riƙe shiga asusu yakan zauna bayan mai shi ya tashi, sai na bayansa ya tarar da suna da lambar waya da adireshin gida a buɗe. A nan kukis na tilas ne, wanda doka ba ta nemi izini a kansa ba, ya zama kafar ɓaraka.

5. Siffar allon da ma'aunin yarda

Cinikin Bahaushe yana da kalmomi biyu masu nauyi ɗaya. Idan tayi bai yi wa mai kaya ba, ya ce "albarka". Idan ya yi masa, ya ce "na sallama". Kowacce numfashi ɗaya ce, kuma ba a jin haushin wanda ya faɗi ta farko. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan yankin ya sa yardar ɓangarori biyu cikin abin da ciniki ke ƙulluwa da shi, bisa aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Saboda haka sharaɗin sashe na 26 ba baƙon abu ba ne ga mai saye a Getso ko Garo.

Allunan da yawa ba su kai wannan ma'auni ba. Maɓallin amincewa yakan zo babba mai launi, na ƙi kuma a ɓoye cikin shafi na biyu, bayan jerin sunayen kamfanonin talla. A ƙaramin gilashin waya allon yakan rufe rabin kayan da ake son gani, ga sabis mai rauni, ga data da ake lissafin kowane megabayit. Mai saye zai latsa duk abin da ya fi saurin buɗe masa hanya. Irin wannan latsawa kawar da shinge ce, kuma kiran ta yarda zalunci ne ga ma'anar kalmar. Akwai kuma allon da ke cewa ci gaba da amfani da shafin yana nufin an amince, wanda ya ci karo da dokar 2023 kai tsaye.

6. Cinikin da ba ya bi ta kukis

Kaso mai yawa na cinikin intanet a yankin ba ya bi ta shafin shago. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta ko kayan kicin takan ɗora hotuna a WhatsApp ko TikTok ko Instagram, a yi ciniki da saƙon murya, a tura kuɗi, a ba direban motar Gwarzo saƙo. A cikin manhajojin waya, bin sawu ya fi dogara ga lambar talla ta Android da asusun da mutum ya shiga da shi, don haka allon kukis ba ya ma bayyana. A wannan fage ne hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraren ƙorafin gasa da kare masu saye ta tabbatar da ita a Afrilun 2025.

Ƙaramin ɗan kasuwa da ya buɗe shafinsa na kansa yana shiga wani matsayi da bai cika sani ba. Da zarar wanda ya gina masa shafin ya dasa Meta Pixel ko manhajar ƙididdigar Google, ya zama mai karɓar bayanai a idon doka, kuma nauyin tabbatar da izini yana wuyansa. Abin da dokar ke nema daga gare shi ba shi da tsada: kada kukis na talla ya fara aiki kafin baƙo ya zaɓa, maɓallan karɓa da ƙi su zo da girma ɗaya a wuri ɗaya, a rubuta bayanin da Hausa tare da Turanci, a kuma bar hanyar sauya ra'ayi a kowane shafi. Da yake sashe na 26 ya yarda a bayar da izini da baki ko a rubuce ko ta na'ura, babu abin da ya hana a haɗa allon da gajeren saƙon murya na Hausa ga wanda sauraro ya fi masa karatu sauƙi.