Ƙungiyar asibitocin Amurka da gwamnati a lokacin annobar korona, 2020-2023

Cikin wannan takarda za mu duba yadda asibitocin Amurka suka yi magana da murya ɗaya gaban gwamnatinsu sa'ad da cutar korona ta ɓarke, da kuma wanda ya ci moriyar maganar. Mai magana da yawunsu ita ce Ƙungiyar Asibitocin Amurka, da ake kira AHA a taƙaice, wadda aka kafa tun 1898.

Wajibi ne mai karatu ya san cewa a can yawancin asibitoci ba na gwamnati ba ne. Da kuɗin aikin da suke yi suke rayuwa, musamman tiyatar da ake sa wa rana. To, a watan Maris na 2020 hukuma ta ba da shawara a dakatar da duk tiyatar da ba ta gaggawa ba, domin a tanadi gadaje da kayan kariya. Sai ga asibiti yana ta hidimar masu korona, asusunsa kuwa yana ƙafewa. AHA ta ƙiyasta asarar wata huɗu, daga Maris zuwa Yuni, a kan dala miliyar 202, wato miliyan dubu 202. Lissafin mai roƙo ne, a riƙe shi da hankali.

Cikin wannan watan na Maris AHA ta haɗa kai da ƙungiyar likitoci da ta ma'aikatan jinya, suka rubuta wa majalisar dokoki suna neman dala miliyar 100. Ranar 27 ga Maris shugaba Trump ya sa hannu kan dokar CARES, adadin da suka nema kuwa shi aka sa. A Afrilu aka ƙara miliyar 75. An kuma ƙara kashi 20 bisa ɗari kan abin da Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi, ke biya saboda mai korona da aka kwantar. An sassauta ƙa'idodi da dama, har likita ya iya duba majinyaci ta waya ko bidiyo a biya shi.

Wurin rabon ne gardama ta tashi. Kason farko, dala miliyar 30, an raba shi gwargwadon kuɗin da kowa ya karɓa daga Medicare a 2019, ba gwargwadon yawan masu cutar da ke kwance a wurinsa ba. Daga baya aka koma auna shi da jimillar kuɗin shiga. Ke nan asibitin masu hali, mai tsadar aiki, ya sami babban rabo. Wanda ke jinyar talakawa marasa inshora ya sami kaɗan. Sai a Mayu da Yuni aka ware wa asibitocin karkara da na marasa galihu miliyar 10 kowannensu. A ganinmu, ƙungiyar da ta tara manya da ƙanana ta fi iya faɗa kan girman tukunya bisa ga faɗa kan yadda za a raba tuwon.

Ba kowace buƙata ta biya ba. AHA ta kai gwamnati ƙara kan ƙa'idar da ta tilasta wa asibitoci bayyana farashin da suka daidaita da kamfanonin inshora, ta kuma nemi a jinkirta ta saboda annoba. Ta faɗi a kotu a Yuni, ta sake faɗuwa a kotun ɗaukaka ƙara a Disamba 2020, ƙa'idar ta soma aiki ranar 1 ga Janairu 2021. Dokar ta-ɓacin lafiya da aka kafa ranar 31 ga Janairu 2020 ta ƙare ranar 11 ga Mayu 2023, ƙarin kashi 20 ɗin ma ya tafi tare da ita.