Dosiyen mai taɓin hankali: abin da ake koya wa ma'aikatan jinya su rubuta da yadda suke miƙa shi

Idan ana zaton mutum na da zazzaɓin cizon sauro, ɗigon jini ɗaya ya isa a tabbatar. Idan ƙashi ne ya karye, hoto zai nuna. Akasarin cututtukan taɓin hankali ba su da irin wannan awo. Ana gane su ta abin da majinyaci ya faɗa, da abin da aka ga yana yi, da yadda halinsa ke sauyawa daga mako zuwa mako. Shi ya sa a makarantun da ke ba ma'aikatan jinya horo mai zurfi kan lafiyar ƙwaƙwalwa, rubuta dosiye da miƙa bayani ga abokan aiki darasi ne mai zaman kansa. Abin da ba a rubuta ba yakan ɓace da zarar mai gadin dare ya tafi gida.

Su wa ake horarwa

Wannan fanni ya samo asali ne daga Amurka. Hildegard Peplau, wadda ta wallafa littafinta kan dangantakar mai jinya da majinyaci a 1952, ita ce ta buɗe karatun digiri na biyu na farko a jinyar masu taɓin hankali a jami'ar Rutgers, a tsakiyar shekarun 1950. A Faransa an kafa matsayin ma'aikacin jinya mai zurfin ilimi, wanda ake kira IPA, a 2018, aka ƙara masa reshen lafiyar ƙwaƙwalwa a 2019. Karatun shekara biyu ne bayan digirin jinya, kuma mai shi na iya bibiyar majinyaci da sabunta masa wasu magunguna cikin haɗin gwiwa da likita.

A Nijar likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, yawancinsu kuma a manyan birane suke, musamman Yamai, inda sashen da aka fi sani da Pavillon E yake cikin babban asibitin ƙasa. A jihohi, nauyin aikin yakan faɗa kan manyan ma'aikatan jinya da suka ƙware a fannin, tare da ma'aikatan CSI. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an yi shi ne domin irin wannan yanayi, wato a koya wa waɗanda ba ƙwararru ba su gane cutar, su fara magani, su tura wanda ya fi ƙarfinsu. Inda likita ke nesa, takarda ce kaɗai ke haɗa shi da majinyaci.

Abin da dosiye ya ƙunsa

Ana koya wa ɗalibi ya rubuta dalilin zuwa da wanda ya kawo majinyacin, da ranar da abin ya soma, da cututtukan da ya taɓa yi, da magungunan da yake sha har da na gargajiya, da ko yana shan tramol, wiwi ko barasa. Daga nan sai awon halin ƙwaƙwalwa: shigarsa da tsabtarsa, yadda yake magana, yanayin zuciyarsa, abin da ke cikin tunaninsa, ko yana jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani, ko ya san inda yake da ranar da ake ciki. Ana rubuta barci da cin abinci, zafin jiki, bugun zuciya da hawan jini. Akwai tambaya guda da ba a tsallakewa: ko yana tunanin kashe kansa ko cutar da wani, ko ya shirya hanya, da matakin da aka ɗauka a kai.

Babbar ƙa'ida ita ce a rubuta abin da aka gani da abin da aka ji. "Majinyaci na da faɗa" hukunci ne da ba ya taimakon kowa. Idan aka rubuta "da ƙarfe 2 na dare ya jefar da kwano, ya ce abincin da guba, ya natsu bayan ƙanensa ya ɗanɗana a gabansa", wanda ya karɓi aiki da safe ya san abin da ke tayar da shi da abin da ke kwantar da shi. Kowane rubutu na ɗauke da kwanan wata, awa da sa hannu. In an yi kuskure, layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na farko, ba a gogewa. In ta kama a killace majinyaci ko a ɗaure shi don kare rayuwa, dole a rubuta wanda ya ba da umarni, dalili, lokacin farawa da na ƙarewa, da duk dubawar da aka yi masa. A Faransa dokar 26 ga Janairun 2016 ta tilasta wa asibitoci ajiye rajista ta musamman a kan haka.

Tsare-tsaren rubutu

Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne SOAP, wanda ya fito daga aikin likitan Amurka Lawrence Weed a shekarun 1960. Sassa huɗu ne da shi: abin da majinyaci ya faɗa, abin da ma'aikaci ya gani ko ya auna, abin da ya fahimta, sai abin da za a yi. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci an fi koyar da tsarin "transmissions ciblées". A nan ana ɗauko matsala guda, misali rashin barci, a rubuta bayanan da aka samu, matakin da aka ɗauka, da sakamakonsa. Sashe na uku ne aka fi mantawa, alhali shi ke nuna ko maganin na aiki. Magungunan baƙin ciki mai tsanani sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a soma ganin amfaninsu, don haka in babu rubutun da za a kwatanta, ana iya sauya magani tun bai yi aikinsa ba.

Miƙa bayani da baki

Lokacin canjin gadi da lokacin kiran likita ta waya su ne wuraren da bayani ya fi zubewa. Domin haka ake koyar da tsarin SBAR, wanda asibitocin Kaiser Permanente na Amurka suka yaɗa a farkon shekarun 2000, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar amfani da shi a 2007. Hukumar lafiya ta Faransa, HAS, ta fitar da nata a 2014 da sunan SAED. Mai kira zai faɗi halin da ake ciki, tarihin majinyaci a taƙaice, abin da yake zato, da abin da yake buƙata.

Ga misalin yadda kiran zai kasance: "Dokta, barka da dare, daga sashen maza nake kira. Saurayin gado na 4 zafin jikinsa ya kai 39,5, jikinsa ya sandare, yana zufa, ba ya gane mutane. Kwana biyar ke nan da fara masa haloperidol, an ƙara masa jiya. Awon zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Ina tsoron maganin ne. Ban ba shi na daren nan ba, ina roƙon ku zo ku duba shi yanzu." Wannan illa ta magungunan kwantar da hankali ba ta cika faruwa ba, amma tana kisa in ba a dakatar da maganin da wuri ba. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ke kawo zafin jiki da ruɗewa, ranar da aka fara magani, in tana rubuce, ita ke sa likita ya yi tunaninta. Ana kuma koya wa wanda ya karɓi umarni ta waya ya maimaita sunan magani da yawansa da bakinsa kafin ya rubuta.

Inda sassa ke haɗuwa

Majinyaci ɗaya kan bi ta hannun likita, mai jinya, masanin halayyar ɗan Adam, mai farmasi, ungozoma da ma'aikacin jin ƙai. Kowa na riƙe da wani yanki na labarin. Maganin valproate, da ake bayarwa don farfaɗiya da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, na iya nakasa ɗan tayi, don haka wajibi ne sashen ƙwaƙwalwa ya san ko mace na da ciki, ungozoma kuma ta san abin da take sha. Carbamazépine na rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Rifampicine na maganin tarin fuka na rage ƙarfin haloperidol a jiki, har cuta ta dawo ba a san dalili ba. Mai shan lithium na buƙatar awon jini a kai a kai, kuma zawo ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi na iya mayar masa da maganin guba.

Haka abin yake tsakanin matakan asibiti. Takardar turawa daga CSI zuwa asibitin gunduma ko na jiha tana da tagwaniyarta, wato takardar mayarwa, mai ɗauke da sunan cuta, magani, yawansa da ranar dawowa. Wanda ake yi wa allurar wata-wata, in ranar ba ta isa ga CSI ɗin garinsu ba, sai ya tsallake ta, ko a yi masa sau biyu.

Harshe da sirri

A asibitocinmu majinyaci na magana da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci, dosiye kuma da Faransanci ake cika shi. Kalmomi irin su iska, sammu ko "zuciyata ta ɓaci" ba su da fassara guda. Shi ya sa ake son a ajiye kalaman majinyaci yadda ya furta su, a kuma nuna wanda ya yi tafinta, domin ɗan uwa kan rage abin da yake jin kunyarsa.

Dosiye sirri ne na aiki. Waɗanda ke kula da majinyacin kaɗai ke da ikon karanta shi, kuma kowa ana ba shi gwargwadon abin da aikinsa ke buƙata. A inda labarin taɓin hankali ke iya fasa aure ko raba mutum da aikinsa, aika hoton dosiye ta WhatsApp da suna a jiki laifi ne babba.

Abin da dangi za su iya yi

Ku riƙa zuwa da karne da duk takardun magani na baya, tare da kwalayen magungunan kansu. Ku faɗi abin da aka sha a wajen malam ko boka ba tare da jin kunya ba, ku faɗi kwana nawa bai yi barci ba. Kafin a sallame ku, ku tabbata an rubuta sunan magani, yawansa, da ranar dawowa, kuma ku nemi a ba ku takardar da za ku kai wa CSI ɗinku.